Allurar da Ta Soki Iya Mai Shara

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Gwiwa, ina shirin jarrabawar ƙwarewa kan hana yaɗuwar cututtuka. An koya mana cewa allurar da aka yi amfani da ita, akwatinta na musamman ake jefa ta. Da na ga babbanmu a wurin aiki yana jefa allurai a kwandon shara, na gaya masa, sai ya ce, "Yarinya, tun ba a haife ki ba nake yin allura." Na ja bakina na yi shiru.

Jiya allurar da ya jefa a kwando ta soki Iya mai shara a yatsa. Yanzu baiwar Allah tana jiran sakamakon gwajin jini. Wallahi raina a ɓace yake!

Jama'a, ku ba ni shawara: me takardar shaida za ta tsinana min, in kunyar babba ta rufe min baki?