Kwamfutar Mai Fanka Za Ta Koma Gida

Aikin farko yau: jera kujeru a ɗakin taro, a gwada lasifika. Ga abin da na karanta bayan la'asar, a taron tunawa da abokin aikinmu da ya rasu.

Shugaban wannan ma'aikata, manajan sashenmu, Baba mahaifin marigayi, Inna mahaifiyarsa, Maman yara, ƙannensa, abokan aiki, assalamu alaikum.

Ban san abin da ya sa aka zaɓe ni ba. Ni mai gwajin manhaja ne kawai, karatuna bai wuce sakandare ba. Wataƙila don na fi kowa zaman jiran aikinsa ne. Idan na yi kuskure, ku gyara mini.

Baba, kun taɓa tambayata wane aiki ɗanku yake yi. Masu rubuta manhaja suna zuba umarni a fayiloli masu ɗimbin yawa, kuma sai kwamfuta ta harhaɗa su kafin su zama abin da ake buɗewa a waya. Wannan muke kira haɗi. Da, kwamfuta ɗaya ke yinsa, fayil bayan fayil. A tayar da shi da safe, mu sha shayi, mu yi gulma, mu yi azahar, bai ƙare ba. Idan aka sami kuskuren harafi ɗaya, a koma farko.

Ya kasance mutumin da ba ya son ganin abu zaune banza. Ya lura cewa yawancin fayilolin ba sa jiran juna, ga kuma kwamfutoci birjik a ofis ba abin da suke yi. Sai ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, ya riƙa tura wa kowace nata kason, su yi a lokaci guda, su dawo da shi a haɗa. Kafin shayi ya huce an gama. Da ya danna, sai fankokin kwamfutocin ofis su ɗauki ƙugi gaba ɗaya. Daga nan ya zama Mai Fanka.

Ya kasance mai roƙo ba gajiya. Tebur-tebur yake bi yana cewa a ara masa inji. Akanta ya rantse kwamfutarsa ba 'yar aikin kowa ba ce, kullum sai ya kashe ta idan zai fita cin abinci. Mai Fanka ya ce masa, "Yallaɓai, kai ka huta, ita bar ta ta yi zufa, ko sau ɗaya wani a teburin nan ya yi aiki." Akanta ya yi kwanaki yana fushi, amma bai sake kashewa ba.

Ya kasance yana cewa ya yi wannan ne don mu riƙa komawa gida da rana a sama. Mun koma. Shi ne bai koma ba, domin duk injin da ya yi gardama shi muke kira. Ya raba wa injuna aiki, mu ba mu raba nasa a tsakaninmu ba. Ya sha cewa mu zo ya nuna mana, muna cewa sai an sami sarari.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. Kwamfutar da ke rarraba aikin nan, wadda ke ƙarƙashin teburinsa, ba ta ofis ba ce. Tasa ce, daga gida ya kawo ta wai na ɗan lokaci. Maman yara, kin aiko a ba ki ita, muka ce mako mai zuwa, muka sake cewa mako mai zuwa, saboda ranar da aka cire ta za mu koma zaman jira. Muka ce za mu kwafe miki hotuna da muryoyin da ke ciki. Kika ce:

"Ba na son in ɓata muku aiki. Amma Auta kullum sai ya leƙa teburin babansa, ya ce har yanzu Abba bai dawo da ita ba."

Jiya mun zauna da manaja, kuma ya amince in faɗa a gaban kowa: gobe za ta koma gida. Haɗi zai koma yadda yake a da, har sai mun koyi abin da muka ƙi koya. Ko za mu iya, wallahi ban sani ba. Ki yafe mana jinkirin.

Mun gode wa duk wanda ya taso ya zo. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi hutun da bai samu a wurinmu ba. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya ba Baba da Inna haƙuri. Amin.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
A bari haɗin safe ya ƙare kafin a zare waya.
A goge ƙurar fanka, a nemo kwali.
A tambayi direba ko ya san gidan.
A sanar da kowa cewa gwaji sai bayan azahar.
A sami wanda zai fara koyo. Ban rubuta suna ba tukuna.