Inna Tumba da Ɗan Tunkiya

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Gusau.

Makon jiya kun yi hira a kan littattafan da tsohuwa ke gano mai laifi a ƙauyensu, ba bindiga ba ɗan sanda. Ina saurare sai hawaye, don kakata Inna Tumba na tuna.

Wata shekara a ƙauyenmu, can wajen Bungudu, tunkiyar maƙwabcinmu ta ɓace, ta bar ɗanta yana ta kuka. Mutane suka ɗora laifin a kan wani makiyayi da ya sauka bayan gari, har an ɗauko sanduna. Inna ta fito ta ce, "Kowa shi koma gida. Ku ba ni ɗan tunkiyar nan."

Da aka watse ta sake shi, ta bi bayansa tana dogara sanda. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Kawuna, ɗan da ta haifa. Ta shiga ita kaɗai. Kafin la'asar tunkiya ta koma turkenta, Inna kuma ta taka har ruga ta ba makiyayin haƙuri. Ba wanda ta faɗa wa sai ni, tana jinyar ajali.

Yanzu na fara rubuta labaranta, ina so jikokina su san ta. Amma Kawu yana raye, ya tsufa, mutane na ganin girmansa, shi ya sa na sauya sunaye. Ina gaida ƙawata Rabi a Tsafe. Masu sauraro ku ba ni shawara: in sa wannan a littafin, ko in rufa masa asiri kamar yadda uwarsa ta yi?