Tiyon Kilim da Buhunan Goro

A tashar Parakou muna jiran motar Djougou ta cika. Wata Hajiya mai goro ta dubi mutumin da ke gefenta, mai naɗin tiyo a kafaɗa.

"Malam, mai lantarki ne kai? Kilim ɗin shagona, injin sanyaya ɗaki, ya mutu, gorona yana bushewa. Sabiou, ɗan ƙanwata, shi ya haɗa shi, ya yi mini aikin banza. Na kore shi."

"Hajiya, tiyon da wayar ke ciki, ya kafe shi a bango? Ƙa'ida ce. In an bar shi yana lilo, nauyi kan fizge wayar daga bakin inji."

"Ya kafe, ya cika mini bango da ƙusoshi. Ni na sa aka cire."

"Saboda me?"

"To a ina zan shanya buhunan goro in na wanke, in ba a kan tiyon ba?"

Mutumin ya yi dariya har tiyonsa ya faɗi.

"Hajiya, Sabiou ba shi da laifi."

Ta ɓara goro, ta miƙa masa babban ɓarin.

"Zo ka gyara mini. In uwarsa ta tambaya, ka ce ɓera ne."

"Ɓera mai wanki, Hajiya?"