Ankon Inna Yelwa

A shagon wani tela a unguwar New Bell, wata mata ta ga atamfa irin tata a hannun wani ɗan bensikin, mai haya da babur.

"Malam, kai ma ankon karrama Inna Yelwa ne?"

"Hula kawai zan ɗinka. Masifaffiyar tsohuwa! Kullum sai ta tare mini babur: kai wannan asibiti, kai wancan ofishin agaji."

"Kul! Da muka gudo daga Kolofata, ko bonjur ban iya ba. Ita ta tsare likita da Faransanci har ya karɓi 'yata."

"Mai suman nan? Ai ni na kai ku! Ta rayu?"

"Tana aji uku."

Ya juya wajen tela.

"Maigida, bar hular nan. Riga da wando za ka ɗinka mini."