Jiƙon Sanyi Daga Kwamin Raƙuma

Assalamu alaikum Malam, sannu da aiki. Ni dillalin awaki ne a Gure.

Bana zafi ya hana ni sakat. Gumi nake, gabana na faɗuwa, ina ci ina ramewa. Wani mai magani ya sayar mini jiƙo, wai, "Alhaji, kwalba uku ka huce." Na shanye biyu. Ranar kasuwa na kai awaki shan ruwa, sai ga mai maganin yana cika kwalabensa a kwamin dabbobi, raƙumi na zuba yawu ciki! Ni da ba a taɓa sayar wa gurguwar akuya ba! Tir!

Majo, ma'aikaciyar asibitinmu, ta ce wataƙila maƙoƙo ne, in yi awon jini, in rage shayi. Jama'a, wane abinci zan riƙe? Ina gaida abokaina dillalai, wanda duk ya yi dariya kwalba ta uku tasa ce.