Baƙon Maƙeri

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ne Nomau. Yau ina da ɗaki har da ƙyaure, amma bara waccan ba ni da inda zan sa haƙarƙarina.

Da aka sallame ni daga asibitin kutare na Mishan, na koma ƙauyenmu wajen Doguwa ina murna. Baffana ya dubi guntayen yatsuna, ya ce ba wuri. Na ce ai na warke! Ya ce ya ji, amma ba wuri.

Sai na shiga gari. Yau Kafin Maiyaƙi, gobe Tudun Wada, duk inda kasuwa ta watse in laɓe a rumfa. Barcin ma rabi da rabi ne, ko akuya ta motsa sai in zabura. Raina ya ɓaci har na daina addu'a.

Wata safiya 'yan doka suka tashe ni da ƙafa, sai gaban alƙali. Na ce, "Allah ya gafarta malam, me na sata?"

Ya ce, "Ba a ce ka yi sata ba. Baƙo ba ya kwana a gari sai da mai masauki. Wane ne naka? In babu, gidan yari."

Barci ne laifina, jama'a! Barci!

Aka yi cigiya ko akwai wanda ya san ni. Babu. Na sunkuyar da kai na ce, "Yesu, kai ma ka san rashin makwanci. Kada ka bar ni."

Sai wani dattijo ya miƙe, Malam Audu maƙeri, Musulmi, da ya zo ba da shaida a wata shari'a. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Baƙona ne."

Alƙali ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun yanzu, Allah ya gafarta malam."

"Ka san in ya yi ɓarna kai za a kama?"

"Na sani. Dama ina neman mai yi mini zuga a maƙera."

Na fashe da kuka kamar yaro. A zaurensa na yi barci har rana ta take, ba wanda ya taɓa ni.

Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, yana ji. In kuma kun ga wani kwance a rumfa, kada ku jira sai alƙali ya yi cigiya.