Ba a Ci Gaban Jama'a

A tashar Gusau, wani dattijo ya sauko daga motar Tsafe saboda wani Bafulatani ya shiga. Mai dafaffen rogo ta dube shi.

"Baba, ka bar mota saboda mutum guda?"

"Ni Bahaushe ne gaba da baya. Ba ni haɗa hanya da mutanen nan."

"To zauna ka ci rogo kafin wata ta cika."

"A tasha? Mu gidanmu ba a ci gaban jama'a. Tarbiyyar kakata ce."

"Ɗiyar ina ce?"

"Daga wata ruga bayan Bunguɗu aka auro ta. Mace mai kunya, ba irin na yanzu ba."

"Allah Ya jiƙanta. Gara da ba ta ga yau ba, da jikanta ya bar mata mota."